Tsari da Rauni a Fagen Dambe



Duk wasan da ake gwada ƙarfi a cikinsa yana da matsala guda wadda tilas masu shi su warware, wato iyakar tsarin da za a yarje wa ɗan wasa. Idan ba tsari ko kaɗan, wasa ya zama ta'adi. Idan kuwa tsari ya kai ga mutum ba ya taɓuwa, to 'yan kallo sai su watse.

Turawa sun gamu da wannan matsala a wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Wasa ne na zaune, ana jefa ƙwayar lido mai fuska 20 domin a san ko sara ya kama. Sulke da sihiri suna rage yiwuwar kamawa, amma a dokokin da aka buga a 2014, wanda ya jefa 20 saransa ya kama, komai tsarin abokin karawarsa.

Bahaushe ya daɗe da yin irin wannan lissafi, sai dai shi da jini da tsoka ya yi shi. Wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe bayan kaka a garuruwan gulbin Rima, daga Birnin Kabi zuwa Ambursa har Argungu, ya san ɗan dambe ba ya shiga fage haka kawai. Akwai laya, akwai guru a ƙugu, akwai kambu a damtse. Wani ma tsaga ake yi masa a hannu a cusa magani. Ana kuma zancen sagau, wanda aka ce yana sa hannun abokin karawa ya saki. A damben gargajiya ba a hana waɗannan. Abin da aka hana shi ne ƙarfe ko garin kwalba a cikin naɗin hannu, kuma akayau da 'yan da suke ɗaurawa a ƙafa an bar shi a yawancin fagage.

A nan hikimar take. Abin da ido ke gani, wanda ke ƙara wa rauni muni, an hana shi. Abin da ido ba ya gani an ƙyale shi, domin kowa yana da nasa malamin ko bokan, saboda haka ba wanda aka cuta. Sa'an nan aka yi wa rauni kansa iyaka: turmi 3 ne, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai a raba. Kalmar kisa tana da ban tsoro, amma ita ce ke hana kisan gaske. Ko Shago, wanda Ɗan'anace ya wasa, a ƙarƙashin wannan doka ya yi suna.

To, ina giɓin yake? Yana wajen raunin da ba ya zubar da jini. Naushi a kai yakan girgiza ƙwaƙwalwa, mutum ya miƙe yana tangaɗi, makaɗa suna zuga shi, shi kuma ya dogara ga gurunsa ya koma turmi na gaba. Bugu na biyu a kan na farko shi ne mai hatsari. Yarda da asibiti kuwa, a ganin wasu, tamkar tona asirin magani ne a bainar jama'a.

Ma'aikatan hukumomin wasanni, musamman masu shirya dambe da kokawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ba su da bukatar yaƙi da laya. Ba za su ci wannan yaƙi ba, ba shi kuma da amfani. Aikinsu shi ne a yi naɗin hannu a gaban alƙali, a haɗa 'yan dambe gwargwadon nauyinsu, a kuma zaunar da likita a bakin fage, a ba shi ikon tsayar da turmi ko da kalangu bai yi shiru ba.