Jawabin Ƙaddamar da Aikin Tattara Labaran Mazan Jiya na Adar

 

Mai girma Gwamnan Jahar Tawa, mai martaba Sarkin Adar, mai martaba Sarkin Tawa, manyan hafsoshin soja, shugabannin Jami'ar Djibo Hamani, malamanmu, iyayenmu mazan jiya da iyalansu, 'yan jarida, jama'a maza da mata, barkanku da zuwa.

Alhamdu lillahi, kwamitinmu bai yi zaman banza ba. Ya zaga Illela, Kaita, Buza da Bagaruwa, ya naɗi muryoyin dattawa, ya ɗauki hotunan lambobin yabo da takardun sallama, ya kuma horar da ɗalibai yadda ake tambayar tsoho cikin ladabi.

Ku dubi yadda Ingila ta adana labarin nata mazan jiya. Daga 1941 zuwa 1945 sojojin ruwanta sun raka ayarin jirage ta tekun ƙanƙara na Aktik, suna kai wa Tarayyar Sobiyat makamai da abinci a Murmansk da Arkanjelsk. Tsoffinsu na ba da labarin yadda suke farfasa ƙanƙara daga jikin jirgi kada nauyinta ya kifar da shi. A Yulin 1942 ayari guda ya rasa jirage 24 cikin 35. Mutum kusan 3,000 suka halaka a wannan hanya. Sai a 2013 aka fara ba waɗanda suka rage lambar yabo ta musamman, amma labarinsu yana rubuce.



To namu fa? Sojojin Afirka sun sauka kudancin Faransa ran 15 ga Agustan 1944. Da kaka ta yi aka janye su daga fagen daga, wai sanyi ya fi ƙarfinsu. Ran 1 ga Disamba aka harbe wasu sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu a Caroy, kusa da Dakar. A 1959 aka daskarar da fanshonsu, bai daidaita da na Faransawa ba sai 2011.



Ranka ya daɗe Gwamna, maganar kuɗi ce ta tsayar da ni. Man mota daga aljihunmu ya fito. Na'urar naɗin murya aro ce. Ɗalibai bashi suke bin mu. Alkawari mun sha shi, amma alkawari ba ya kai mota Bagaruwa. Waɗanda suka je yaƙin Indocin da na Aljeriya 'yan kaɗan suka rage, kowace damina muna jana'izar wasu. A sa aikin nan cikin kasafin bana, ba na baɗi ba. 'Yan kasuwar Tawa da ke Abijan da Kwatanu, ku ma da ku nake.

Duk mai takardar soja ta kakansa a akwati, ya kawo mu ɗauki hotonta mu mayar masa.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan aiki. Allah ya jiƙan magabata.