Gida A Dubai: Saye Daban, Izinin Saukar Baƙi Daban

 

Kwamitin kasuwanci ne ya ɗora mana wannan magana. Dalili kuwa shi ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu masu fatauci zuwa Dubai yanzu ba su tsaya ga saro yadi da zinari da wayoyi ba. Wasu sun fara sayen gida a can, wato sashe guda a cikin dogon bene, da niyyar su riƙa ba 'yan yawon buɗe ido haya na kwana uku ko mako guda. To, mu dai ba wanda zai koya mana saukar baƙi. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, masu gida suke saukar fataken shanu da na goro, su ba su makwanci da abinci, su tsaya musu a ciniki, su karɓi la'ada. Amma wannan harka tamu a kan amana da sanayya take tafiya. Ta Dubai kuwa a kan takarda take, kuma a nan ne mutanenmu suke yin tuntuɓe.

Akwai wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, yana ma iya kasancewa cikin wannan taro. Ya sayi gidansa da halalinsa, ya zuba kujeru da gadaje, ya miƙa wa wani yaron garinsu makulli, ya hau jirgi ya dawo. Yaro ya ɗauki hotuna ya sa a Airbnb, baƙi suka fara shiga suna fita. Ba a daɗe ba masu kula da benen suka tare baƙo a ƙofa suka ce ina takardar izini. Babu. Aka hana baƙi shiga, aka mayar musu da kuɗinsu, tara kuma ta hau kan mai gida, ba kan yaro ba, don sunan mai gida ne a takardar mallaka. Da ya zo yana ba mu labari cewa yake, "Ni da gidana?" Haka ne, Alhaji, gidanka ne. Amma izinin saye daban, izinin saukar baƙi daban.

Ga yadda abin yake. Tun 2002 aka yarda baƙo ya mallaki gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni na Dubai. In za ka ba mutum hayar shekara, wannan hanya ce daban, rajistar yarjejeniya ake yi wadda suke kira Ejari. In kuwa hayar kwanaki ce, to ka shiga ƙarƙashin doka mai lamba 41 ta 2013, kuma ka koma hannun hukumar yawon buɗe ido, wadda aka haɗe da ta tattalin arziki a 2021. Da farko kamfanoni kaɗai ake ba wannan izini. A 2016 ne aka buɗe wa ɗaiɗaikun masu gida ƙofa su yi rajista da kansu.

Abubuwan da za su nema ba boyayyu ba ne: takardar mallakar gida, fasfo ko katin shaida na ƙasar, da takardar kuɗin wuta da ruwa ta wannan gidan. Wanda shi ma haya yake a ciki, sai ya kawo rubutacciyar yardar mai gida. Ta intanet ake cike komai. Za ka yi rajistar kanka, sa'an nan kowane gida da izininsa, kuma shekara guda yake yi, sai a sabunta. Kuɗinsa yana hawa gwargwadon yawan ɗakunan kwana. Mutum guda ba ya wuce gida takwas sai ya buɗe kamfani, ko da yake ba mu tsammanin wannan ta shafi kowa a cikinmu tukuna.

Jama'a, a saurara da kyau a nan, don ga inda al'adarmu ta saɓa da tasu. Mu a gida ɗaya sai mu sa bafatake a wannan ɗaki, ɗan koli a wancan, almajiri a zaure. A can gida sukutum ake bayarwa ga baƙo guda ko iyali guda, ba a rarraba shi ɗaki-ɗaki ko gado-gado. Sa'an nan kowane baƙo da ya sauka sai an shigar da sunansa da fasfonsa a rajistar hukuma. Kuma akwai harajin da ake karɓa a hannun baƙo, dirhami 10 a kowane ɗakin kwana kowane dare, ko 15 in gidan na alfarma ne, kai za ka tara ka kai wa hukuma duk wata. Ba naka ba ne, kada yaro ya haɗa shi da ciniki. Wanda aka kama yana wannan sana'a ba izini, tararsa daga dirhami 5,000 take tashi, ana kuma ninkawa in ya sake. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, wajen 3.67 a dala guda, saboda haka kowa ya buga lissafinsa da naira ya ji nauyin abin.

To wa zai yi duk wannan aiki alhali kana nan Ibadan? Mu a ganinmu, wanda ba ya zaune a can ya nemi kamfanin da hukuma ta ba lasisin kula da irin waɗannan gidaje. Su za su fitar da izini, su karɓi baƙi, su yi shara da wanki, su cire nasu kamasho, galibi wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka samu. Wasu za su ce ya yi yawa, gara ɗan'uwa. Muna tuna muku abin da ya faru a 2022, lokacin da aka daina ba 'yan Nijeriya biza, jiragen Emirates kuma suka daina zuwa. Sai a 2024 aka daidaita. Kusan shekara biyu mai gida ba shi da hanyar zuwa ya leƙa ƙofarsa. Wanda ke da rubutacciyar yarjejeniya da kamfani yana da wanda zai tuhuma. Wanda ya bar wa yaro makulli kuwa, sai dai ya yi ta bugun waya.

Amma kamfanin ma ba a sa masa hannu da ka. A ce su nuna lasisinsu, a ga izinin da suka fitar ɗauke da lambar gidanka, a rubuta ranar da za su riƙa turo kuɗi da yadda za a rabu in zama bai yi daɗi ba. Kuma kafin a biya kuɗin gida tun farko, a tambayi masu kula da benen ko suna barin hayar kwanaki, don wasu benaye suna da nasu sharuɗɗa masu tsanani. Dillalin da ke sayar maka ba zai fara faɗa maka wannan ba, shi la'adarsa yake hange. Haka nan lissafin da zai nuna maka na watannin sanyi ne, lokacin da gari ke cike da baƙi. Daga Yuni zuwa Agusta zafi yakan haura digiri 40, baƙi su ragu, farashi ya faɗi, alhali kuɗin hidimar bene da na wuta ba sa jira.

Duk wanda ya riga ya saya, ko ya ba da kafin alƙalami, ya kawo takardunsa ofishin ƙungiya ranar Lahadi bayan La'asar, mu duba tare da 'yan'uwanmu da suka san harkar. Ba za a faɗa wa kowa abin da aka gani ba.