Yadda jikokin Yahudawa ke bin sawun kakanninsu



Kai makiyayi, idan saniyarka ta ɓata ka san yadda ake bin sawu: ka dubi ƙasa, ka tambayi mutanen mashaya, ka faɗi shaidar da ke jikinta. To, yau za mu ji yadda wasu mutane ke bin sawun kakanninsu, wato jikokin Yahudawan da suka watsu a duniya. Nasu neman yana da wuya ainun, shi ya sa dabarunsu suka cancanci a saurara.

Tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa fiye da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da hare-hare. Daga cikin waɗanda suka zauna a Turai, gwamnatin Hitila ta hallaka kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Garuruwa sun ƙone da littattafansu, tsofaffin da za a tambaya kuma sun tafi. Jikan da ya tashi a Amurka sau da yawa abin da ya gada shi ne hoto ɗaya da sunan wani gari da ba ya iya furtawa.

Wahala ta farko ita ce suna. A da, yawancin Yahudawan gabashin Turai ba su da sunan dangi na dindindin. Wane ɗan wane ake cewa, kamar yadda muke yi. Hukumomi ne suka tilasta masu ɗaukar sunan gida saboda haraji da ɗibar soja: Ostiriya a 1787, Rasha a 1804, Faransa a 1808. Ga shi kuma mutum guda yana iya zama da suna uku, na addini da Ibrananci, na gida da yaren Yidish, da wanda ya zaɓa bayan ya sauka Amurka. Mai nema da ya riƙe suna ɗaya kawai sai ya wuce kakansa a cikin littafi bai gane shi ba.

Wahala ta biyu, ku mutanen iyaka kun fi kowa fahimtarta. Akwai wani birni da ake kira Lemberg a ƙarƙashin Ostiriya har 1918. Ya koma Lwów a hannun Folan, sannan Lvov a Tarayyar Sobiyet, yau kuwa Lviv ne a Yukren. Mutum zai iya haihuwa a ƙasa ɗaya, ya yi aure a ta biyu, ya rasu a ta uku, bai taɓa barin unguwarsu ba. Iyakar ce ta yi ta tsallake shi. Saboda haka masu wannan bincike ba sa tsayawa a kan "kakanmu daga Rasha ya zo". Sunan garin suke nema takamaimai, don da shi ake gano ma'ajiyar da takardun suke.

To, da me suke samun hanya? Suna farawa daga gida. Su zaunar da tsohuwar da ta rage, su ɗauki muryarta, su juya bayan hotuna. Daga nan sai maƙabarta, domin a kan dutsen kabarin Bayahude ana rubuta sunansa da na mahaifinsa, ka ga dutse ɗaya ya ba ka kaka biyu. Takwara ma hanya ce. Yahudawan gabashin Turai kan sa wa jariri sunan ɗan'uwan da ya riga ya rasu, su kuwa na Maroko da Turkiyya sukan sa na kakan da ke raye. Idan ka ga yara uku a dangi an sa masu suna ɗaya cikin shekara biyu, to wani dattijo mai wannan sunan ya rasu dab da lokacin.

Sai jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa. A tsibirin Ellis da ke bakin birnin Niyok, baƙi kimanin miliyan 12 suka shiga Amurka tsakanin 1892 da 1954. Daga 1907 takardar jirgin tana ɗauke da sunan ɗan'uwa mafi kusa da mutum ya baro a gida. Wannan layi ɗaya ya haɗa dangi da yawa. A garin Arolsen na Jamus akwai ma'ajiya mai takardu kusan miliyan 30 game da mutane miliyan 17.5 da gwamnatin Hitila ta tsare ko ta bautar. A Kudus kuma cibiyar Yad Vashem tun shekarun 1950 take karɓar takardar shaida daga duk wanda ya san wani da aka kashe: sunansa, garinsu, sana'arsa. Waɗanda suka tsira sun kuma haɗu gari-gari sun rubuta littattafan tunawa, har da zanen tituna da sunan mai kowane gida.

Yanzu an ƙara da gwajin ƙwayar halitta ta hanyar miyau. Amma da yake sun daɗe suna auren zumunci, gwajin kan nuna wa mutum dubban 'yan'uwa kamar na kusa alhali na nesa ne. Dole a koma ga takarda da bakin tsofaffi.

Kada ka ce wahalar banza ce. A 1492 Sifen ta kori Yahudawanta, suka bazu zuwa Maroko da ƙasashen Daular Usmaniyya. A 2015, bayan shekara fiye da 500, Sifen ta yi doka cewa wanda ya tabbatar shi zuriyarsu ne zai iya neman zama ɗan ƙasa. Kafin a rufe ƙofa a 2019, mutane sama da 130,000 sun nema. Wanda gidansu ya adana takardar aure ko salsala ya sami abin nunawa.

Labarin ya taɓo hanyoyin ayarinmu ma. Yahudawan Maroko da na Tuwat sun daɗe cikin fataucin Sahara. Wajen 1860 wani malaminsu kuma ɗan kasuwa, Mardochée Aby Serour, daga garin Akka, ya zauna a Tambutu yana ciniki. A 1993 masanin tarihi Ismaël Diadié Haïdara ya kafa ƙungiyar Zakhor a can, ma'anar kalmar "ka tuna", don iyalan da suka gano kakanninsu Yahudawa ne. Musulmi ne tun kaka da kakanni. Tsofaffin wasiƙun ciniki da ke cikin akwatunan gidaje su suka riƙe sunayen.

Kai da ke da rabin dangi a Nijeriya, rabi a Nijar ko Kamaru ko Chadi, dubi naka. A nan an rubuta ka Usman, a can Ousmane. Ranar da aka tashi rabon gado, ko aka ce ɗanka ya kawo shaidar ɗan ƙasa, wa zai tsaya maka? Tun tsohon gidanku yana da ƙarfi, ka zaunar da shi. Ya faɗi sunayen kakanni da laƙabinsu, garin da aka taso, mashekarin da aka zauna, shaidar shanun gidanku, da maigidan da kakanka ke sauka wurinsa a kowace kasuwa. A rubuta da boko ko ajami, a ɗauki murya a waya, a kai kwafi ga ɗan'uwan da ke ƙetaren iyaka. A yi wa yara takardar haihuwa, a kula rubutun suna ya zama iri ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara zumunci.