JARI GA TALAKA BA TARE DA KUƊIN RUWA BA: INDA BINCIKEN MASANA YA KWANA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mun daɗe muna yi wa jama'a wa'azi a kan haramcin kuɗin ruwa. Amma mai tuyan ƙosai da ɗan tireda suna da haƙƙin su tambaye mu: to, ina za mu sami jari? Amsar wannan tambaya ce masana tattalin arziki na Musulunci suka duƙufa a kai.

Da farko binciken ya tsaya a kan fiƙihu, wato tabbatar da cewa mudaraba da musharaka da murabaha za su iya maye gurbin bashin ruwa. An gwada haka a aikace a garin Mit Gamar na Masar a 1963, ƙarƙashin Dokta Ahmad an-Najjar. Daga baya hankali ya koma ga ƙidaya. Rahoton cibiyar CGAP na 2008 ya sami masu amfana kimanin 380,000, mafi yawansu a Indunusiya da Bangaladash da Afganistan. Na 2013 kuwa ya sami miliyan 1.28.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, rahotannin biyu sun nuna murabaha ce ta mamaye fagen, wato a sayo kaya a sayar wa mabuƙaci bashi da sananniyar riba. Musharaka da mudaraba, waɗanda ake yabo a littattafai, ba a cika aiki da su ba. Dalili kuwa, tarayya a riba da asara tana buƙatar a san gaskiyar cinikin mutum, alhali ƙaramin ɗan kasuwa ba ya rubuta lissafi, bin diddiginsa kuma yana cin kuɗi.

A yau masana sun koma ga auna sakamako a rayuwar talaka. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat, wadda Dokta Amjad Sakib ya kafa a 2001, tana ba da bashi don Allah, ana raba shi a masallatai. An yi wani gwaji tare da ita, aka buga shi a 2024: aka saya wa masu sana'a kayan aiki bisa tarayya, suna fansar kason ƙungiyar sannu a hankali. Sana'o'insu sun bunƙasa, ribarsu ta ƙaru, sun kuma ƙara kashe kuɗi a karatun 'ya'yansu. Wasu masana kuma suna nazarin yadda zakka da wakafi za su ɗauki nauyin gudanarwa, don kada ya faɗa kan mai karɓar bashi.

A nan gida, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa a 2017. Saura aiki daga gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Saboda haka ina kira ga kwamitocin masallatanmu su koya wa masu sana'a rubuta lissafi, ɗalibanmu na jami'a kuma su shiga kasuwannin ƙauye su auna abin da ke faruwa. In babu amana da rubutu, musharaka za ta tsaya a takarda, talaka ya koma hannun mai ba da bashi da ruwa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.