Yadda Ikkilisiya Take Yanke Shawara

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-31

 Yau za mu duba tambaya ɗaya: idan masu bi suka sami saɓani a kan babbar magana, yaya za su yi?

A Antakiya waɗansu sun koyar cewa sai an yi wa al'ummai kaciya kafin su sami ceto. Bulus da Barnaba suka yi gardama da su ƙwarai. Ikkilisiya ta aike su Urushalima wurin manzanni da dattawa. Bitrus ya ba da shaida, taro ya yi shiru ya ji Barnaba da Bulus, sa'an nan Yakubu ya auna maganar da littafin annabawa. Aka rubuta wasiƙa, aka aika ta hannun Yahuza da Sila, don kada a ɗora wa sababbin masu bi kayan da ya fi ƙarfinsu. Ku lura da abu huɗu: sun zauna tare, sun saurari juna, sun koma ga Maganar Allah, sun kuma tuna da raunana.

Ɗarikar Angilika tana ƙoƙarin bin wannan gurbi. Ikkilisiyar Angilika ta Nijeriya ta tsaya da ƙafarta a 1979, kuma a 1990 aka kafa diyosis na Bauchi, wanda ƙasarmu ta Katagum take ciki. Kowane diyosis yana da majalisa da ake kira sinod. A babbar majalisar ƙasa akwai rukuni uku: bishop-bishop, da fastoci, da wakilan membobi. Wato manomi ko malamar makaranta, idan aka zaɓe su, suna da murya. Bishop-bishop na duniya kuwa suna haɗuwa a Taron Lambeth a Ingila, kusan bayan kowace shekara 10, tun 1867. Wannan taro shawara yake bayarwa, ikkilisiyar kowace ƙasa ce take kafa dokarta.

Bari mu ɗauki misalin da ya shafi gidajenmu. Mutum yana da mata biyu ko uku, ya ji bishara, ya ba da gaskiya. Za a yi masa baftisma? Taron 1888 ya ce a'a, sai dai a ci gaba da koyar da shi. Wannan ya sa waɗansu suka kori mata, 'ya'ya suka rabu da iyayensu mata. Bayan shekara 100, a Taron 1988, aka sāke duba maganar. Aka tabbatar cewa miji ɗaya da mata ɗaya shi ne nufin Allah, amma aka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma bisa sharaɗi: kada ya ƙara aure muddin ɗaya daga cikin matan tana da rai, ikkilisiyar wurin ta amince, kuma kada a tilasta masa korar kowa. An riƙe gaskiya, an kuma ji tausayin matar da ba ta da wurin zuwa.

Amma ba kowace gardama ce ta ƙare da daɗi ba. Taron 1998 ya ce kwanciyar namiji da namiji ko mace da mace ba ta dace da Littafi Mai Tsarki ba, ya kuma ce a saurari masu wannan hali, gama Allah yana ƙaunarsu. A 2003 ikkilisiyar Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop, yana zaune da namiji. A 2005, zamanin Babban Bishop Peter Akinola, ikkilisiyar Nijeriya ta gyara tsarin mulkinta, ta ɗora zumunci a kan bangaskiyar Littafi Mai Tsarki maimakon kujerar Kantabiri. A 2008 bishop-bishop namu suka tafi taron GAFCON a Urushalima, ba su halarci Lambeth ba, haka kuma a 2022. Wannan rabuwa abin baƙin ciki ce da addu'a, ba abin fahariya ba.

To, ɗan'uwa, mene ne naka a ciki? A nan mu 'yan kaɗan ne, daga kabilu dabam dabam, kuma maƙwabtanmu suna kallonmu. Idan gardama ta tashi a kan kuɗin baiko, ko zaɓen dattawa, ko harshen da za a yi sujada da shi, kada ka ɗauki Littafinka ka fita cikin fushi. Je taron. Bari gwauruwa da matashi su yi magana. Ku buɗe Maganar Allah tare, ku tambaya wa zai ɗauki nauyin abin da kuka yanke. Idan kuwa kana da mata fiye da ɗaya, kana kuma son bin Yesu, kada ka kori kowa da gaggawa. Ka fara zuwa wurin fastonka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba shugabanninmu hikima da tsoronka. Ka koya mana sauraron juna, ka riƙe mu cikin gaskiyarka, ka sa mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata. Cikin sunan Yesu. Amin.