Sata a Garin da ke Bunƙasa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An umurce ni in yi magana a kan yadda sata ke sāke kama idan ƙaramin gari ya soma girma. Zan ɗauki Dutse misali, gama dukanku kun san ta, kuma abin da ya same ta yana samun garuruwa da yawa.

Kafin ran 27 ga Agusta, 1991, Dutse ƙaramin gari ce a Jihar Kano, mai fadar Sarki a Garu da gonaki da dabino kewaye. A ranar aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da ita babban birni. Ma'aikata suka zo, magina suka biyo su, 'yan kasuwa suka biyo magina. Da aka komo da ma'aikatun Gwamnati cikinta a 2007, bayan an rarraba su a wasu garuruwan jihar, sai ginin ya ƙara ƙarfi. A 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya, ɗalibai suka cika gidajen haya. Inda dā ake shuka gero, yanzu unguwanni ne.

To, satar ƙauye kun san ta tun kaka da kakanni: akuya, jaki, damin dawa a rumbu, tufafi a kan igiya. Irin wannan ba ta da wuyar bi, domin akuya tana barin sawu, maƙwabta sun san kamanninta, kuma ba ta tafiya sai a ƙasa. A gari kuwa ɓarawo yana neman abu mara nauyi mai tsada, wanda ba a bambanta shi da ɗan'uwansa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, ta zama kan gaba. Sai babur, wanda shi da kansa yake ɗauke ɓarawonsa. Wanda aka sace a ƙofar masallaci da azahar yana iya kwana a wata jiha, ko a wargaje shi a sayar da kayansa ɗai-ɗai. Sai batirin sola, da injin janareta, da injin ban ruwa.

Akwai wata iri da nake roƙon ku dube ta da kyau, watau satar kayan gini. Garin da ke bunƙasa cike yake da kangwaye, gidajen da aka fara ba a gama ba. Mai gida yana Kano ko Abuja, ya ajiye siminti da rodi da kwanon rufi, ya ja wayar lantarki a bango, ba maigadi. A kwashe kayan, sai bayan wata guda ya sani. Kangon kuma ya zama maɓoya. Daga nan hannu yakan miƙa zuwa kayan jama'a: wayar taransifoma, murfin kwalbati, kan famfo. Wayar da ɓarawo zai sayar kuɗi kaɗan ita ce za ta bar unguwa guda cikin duhu wata da watanni.

Lokaci ma yana da nasa hali. Ma'aikata da yawa iyalinsu na Haɗejiya, ko Gumel, ko Kazaure, ko Ringim. Ran Jumma'a da yamma su kulle gida su tafi, sai Litinin. Haka da Salla, haka da hutun ɗalibai. Mai fasa gida ya san wannan lissafi sarai. Da damina kuwa, ƙarar ruwa a kan kwano tana rufe ƙarar guduma.

Mutane sukan ce baƙi ne suka kawo sata. A ganina wannan magana ba ta cika ba. Baƙo bai san gidan da ba kowa ba sai ɗan gari ya nuna masa. Baƙi kuwa su suka gina garin, galibinsu masu neman halaliyarsu ne. Abin da ya sāke shi ne sanin juna. Dā mai unguwa ya san kowane gida da mai shi, baƙo ba ya kwana sai an kai shi gabansa. Yanzu akwai layin da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, balle ya tambayi mai fitar da katifa da tsakar rana ko wane ne shi.

Na biyu, ɓarawo ba ya sata sai ya tabbata akwai mai saye. Waɗanda suka tsara dokar Final Kod, wadda ta soma aiki a Jihar Arewa a 1960, sun gane haka: sata zalla suka sa mata ɗauri har shekara 5, amma karɓar kayan sata da sani har shekara 14. Saboda haka inda ya kamata ido ya fi tsayawa shi ne wurin dillalan babura, da masu sayar da tsofaffin wayoyi, da masu awon ƙarfe da ake kira 'yan jari-bola. Yawancinsu mutanen kirki ne, kuma suna da shugabanni. A kira shugabannin, a daidaita da su cewa ba a sayen babur sai da rasit da shaidu, ba a karɓar wayar lantarki daga hannun yaro.

Na san wani zai ce yanzu hakimi ba shi da 'yan doka. Gaskiya ne. An haɗe 'yan sandan En'e da na Tarayya a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage abin da ya saura. Amma sanin mutane bai bar hannunku ba, kuma shi ne abin da caji ofis ba shi da shi. Littafin 'yan sanda ba ya ɗauke da kome sai abin da aka kai musu. Wanda aka sace wa akuya ko waya sau da yawa yakan ce ya bar wa Allah, amma mai unguwa ya ji labari kafin gari ya waye.

Nan ne aikinku, malamai. Kowace gunduma ta buɗe littafi. A rubuta ranar da aka yi sata, da unguwa, da abin da aka ɗauka, da ko dare ne ko rana, da ko an kai ƙara. Bayan wata 6 littafin da kansa zai nuna inda ake bukatar 'yan sintiri. A rubuta sababbin masu haya da mai gidan da ya saukar da su, da kangwayen unguwa da masu su. A gargaɗi jama'a su adana lambar inji da ta jikin babur. Kowace waya ma tana da lamba 15 ta kanta, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. A rubuta ta a takarda a ajiye a gida.

Abu ɗaya ya rage, kuma ina faɗinsa da ladabi. Idan an kama wanda ake zargi, kada a bar taro ya taɓa shi. Ihun "ɓarawo" ya sha hallaka wanda bai ɗauki kome ba, kuma wanda ya kashe shi zai amsa laifin kisan kai. 'Yan sintiri su kai shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa, malamin hakimi ya rubuta sunan wanda ya karɓe shi da lokacin da aka miƙa shi.