Sake Fitar da Tsofaffin Faifai da Makomar Waƙar Baka a Ƙasar Zazzau

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata al'ada ta kamfanonin faifai na Turai da Amurka, watau sake fitar da tsohon faifai tare da ƙarin waƙoƙin da ba a taɓa sakinsu ba, sa'an nan a auna ta da halin da waƙar baka ta Hausa take ciki. Za a kafa misali da Hunkuyi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, da maƙwabtanta na Makarfi da Ikara.

Asalin Al'adar

A can, idan makaɗan zamani suka shiga ɗakin ɗaukar murya, sukan maimaita waƙa guda sau da yawa, a zaɓi ɗauka ɗaya a buga a faifai, sauran kuwa a kulle su a ma'aji. Da ƙaramin faifan CD ya fito a 1982, mai ɗaukar fiye da minti 70, sai kamfanoni suka sami gurbin cusa waɗannan ajiyayyun. Alal misali, a 1991 aka fara fitar da jerin waƙoƙin gwaji na Bob Dylan, a 1995 da 1996 kuma aka fitar da na ƙungiyar Beatles ta Ingila cikin kundi uku. Ba a rasa neman riba a ciki ba, amma akwai fa'ida ta ilmi: mai saurare yakan ji yadda waƙa ta taso, inda aka yi kuskure, da inda aka gyara.

Irin wannan aiki ya iso maƙwabta. A 1978 Mamman Sani na Yamai ya ɗauki kiɗansa na ogan mai aiki da lantarki a gidan rediyon Nijar, aka yi kaset ƙalilan, suka ɓace daga kasuwa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga kaset ɗin a faifai, a 2015 kuma ya fitar da ajiyayyun kaɗe-kaɗensa na 1981 zuwa 1984. Abin lura shi ne, daga ƙetare aka zo aka tono wannan taska.

Bambancin Waƙar Bahaushe

A nan ne ya kamata a yi hattara da kwaikwayo. Ga Bature, abin da aka buga a faifai shi ne waƙar, sauran kuwa ƙari ne. Ga makaɗin baka na Hausa ba haka abin yake ba. Shi ba ya rubuta waƙa ya haddace. Gindin waƙa da kiɗa da amshi su ne tsayayyu, 'ya'yan waƙa kuwa yana saƙa su ne a gaban jama'a, gwargwadon wanda ke wurin da abin da ya faru a ranar. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, ya rera Bakandamiyarsa sau da dama, kowace da nata zubi. Haka yake ga Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge.

Daɗin daɗawa, na'ura ta daɗe tana yi wa waƙar Hausa aski. Faifan garmaho ba ya wuce kimanin minti 3 a fuska guda, alhali makaɗin fada yana iya shafe rabin sa'a a kan waƙa ɗaya. Saboda haka abin da ya shiga faifai gutsure ne kawai. Bisa ga wannan, ɗaukar da aka yi a wurin biki ko naɗin sarauta ba ƙari ba ce. Sau da yawa ita ce cikakkiyar waƙar, wadda ta kamfani take zama taƙaitawarta.

Ina Taskar Take?

Kashi na farko yana gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna wanda ya fara aiki a 1962, inda manyan makaɗan Arewa suka yi ta zuwa ana ɗaukar muryoyinsu. Kashi na biyu yana hannun masu bincike. David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, aka buga wasunsu a faifai biyu a Jamus ƙarƙashin UNESCO. A 1971 kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara matanin waƙoƙin baka masu yawa.

Kashi na uku, wanda ba a cika kula da shi ba, yana cikin adakoki a garuruwa irin su Hunkuyi. Da rikoda mai kaset ta yaɗu a shekarun 1970, malamin makaranta da ɗan kasuwa da direba suka zama masu ɗaukar murya ba da saninsu ba. Su suka ɗauki gangar noma a wurin gayya, da kalangun mahauta, da kiɗan dambe bayan kaka, da amadar mata a cikin gida. Makaɗan karkara da yawa ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. Idan muryarsu ta saura, to, a irin waɗannan kaset ta saura.

Hatsarin da Ke Tafe

Zaren kaset ba ya jure zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu. Yakan yi fumfuna, ya manne, ya tsinke. Rikodar da za ta juya shi ma ta yi wuyar samu. Har ila yau, masu tura waƙa a wayar hannu sun ceci waƙoƙi da yawa, amma sun tuɓe musu shaida: ba sunan wanda aka yi wa waƙar, ba gari, ba shekara, wani lokaci ma a jingina ta ga makaɗin da ba shi ya yi ba. Dattijon da zai iya fayyace habaicin da ke cikin ɗan waƙa kuwa, shi ma kwanansa tafiya suke yi.

Abin da Ya Kamata

Na farko, ɗalibai daga Kudan da Makarfi da Ikara su nemi kaset ɗin gidajensu a lokacin hutu, a juye su cikin kwamfuta, a mayar wa masu su kayansu. Na biyu, a rubuta wa kowace ɗauka sunan makaɗi, da 'yan amshinsa, da wuri, da dalilin taron, da shekara idan an tabbatar. Na uku, kada a zaɓi zubi ɗaya a watsar da saura. A jera su duka, domin a wurin bambancinsu ake ganin gwanintar makaɗi. Na huɗu, ma'aikatan sashen al'adu na ƙananan hukumomi su haɗa kai da jami'a da Gidan Arewa na Kaduna, domin a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Na biyar, duk abin da za a fitar kasuwa, a nemi yardar magadan makaɗi a rubuce, a ba su rabonsu, bisa ga Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022.

Kammalawa

Kamfanonin ƙetare suna buɗe ma'ajinsu ne domin su ƙara wa abin da duniya ta riga ta mallaka. A ƙasar Zazzau kuwa, kaset guda a cikin adaka yana iya zama shi kaɗai ne shaidar cewa wani makaɗi ya taɓa rayuwa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Aikin nan yana da wa'adi, kuma wa'adinsa shi ne tsawon ran zaren kaset da na dattawan da suka halarci taron da aka ɗauke shi.